Boris Bakwai

A Domayo, bayan an ɗauke wuta,
na rufe gareji, na wanke hannu da kananzir,
na zazzage gwangwanin madara a kan tabarma.
Boris bakwai suka gangaro,
gādon wani babur da ya mutu a hanyar Mora.

Da rana ni ne Hamajoda mai gyara.
Da dare ina gina wata duniya
a bayan littafin da nake rubuta bashi.
Nakan yi istigfari kafin in ɗora biro:
allolin nan na takarda ne,
yayyafi ɗaya ya isa ya kashe su.

Kowanne na damƙa masa ƙwallo guda.
Sambirƙa ta riƙe na ruwan ɓoye,
irin wanda mata ke tona wa rami
a yashin Mayo Kaliyawo, rani tsaka.
Kurmaje ya riƙe na bashi,
nasa ya fi nauyi, ban auna ba, na dai sani.
Akwai na wuta, na barci, na hanya,
akwai na sunayen da iyaye suka fasa raɗawa.
Na bakwai na mantuwa ne,
mai shi kuwa na manta in sa masa suna.

Me ya sa ƙwallo, ba takobi ba?
Takobi na da baki, ya san wanda ya nufa.
Ƙwallo ba gaba, ba ƙeya,
ba lungun da ƙarya za ta laɓe.
Ka ajiye shi, ya tona asirin daɓenka,
ya bi gangaren da ka rantse babu.
Ka leƙa shi, ya ba ka fuskarka,
hanci ƙato, kai ɗan mitsitsi,
kamar yadda mulki ke mai da mutum.

Na kafa doka: sihiri ba kyauta ba ne.
Wanda ya murza ƙwallon ruwa
zai biya da hawayen shekara guda.
Na ji daɗin dokar nan ƙwarai,
har na ja mata layi biyu.

Sai Jebba, ɗiyar ƙanwata, shekararta tara,
ta ɗago daga kwanon gyaɗa ta ce,
“Kawu, su allolin, wa ke gyara su?”
Na ce ni.
“To in ka tafi Garwa sayen kaya?”
Na ce ta je ta kwanta.

Da safe na ƙirga, shida.
Na ɗaga tabarma, na share ɗaki,
na zargi ɓera, na zargi kaza.
Kwana uku alloli shida na zaune zugum,
biro ya ƙi tafiya.

Ran Laraba wani ɗan acaba ya kawo ƙafar gaba.
Na cika mata boris dam, na ɗaure,
ta cije, ta ƙi juyawa.
Sai muryar maigidana, marigayi Ubbo,
ta zo mini daga shekara ashirin:
cire ɗaya, yaro,
sai da gurbi ƙarfe ke numfashi.

Na cire. Ta juya har tana waƙa.

Daren nan na buɗe littafi na rubuta:
a farkon zamani an sace ƙwallo na bakwai,
tun daga ranar sama ta fara juyi,
mutane suka sami wurin cewa a'a.
Alloli na nemansa har yau,
kowanne na tsoron kada ya gan shi.

Jebba ba ta amsa laifi ba.
Amma in ta ruga makaranta
ina jin wani abu na ƙwanƙwasa
cikin gwangwanin allinta.
Ban tambaya ba.
Akwai babura huɗu a ƙofa suna jira.