Asali, Maƙwabciyata

Sunanta Arasali, ya yi wa bakinmu tsawo,
muka yanke masa kai, muka bar Asali.
Ta yi dariya ranar da aka fassara mata:
wadda ta baro asalinta a bayan teku,
can Meksiko,
ita ce Asali a Tawa.

Bangonta na jingine da nawa a Bilbis.
Da safe tana bin rijiyoyi da ƴan kwalabe,
tana auna ruwan da muke sha tun kakanni.
Da la'asar kabu-kabu ke maido ta,
hannu ɗaya a kan hula, ɗaya a kan ƙirji.

A watan farko gaisuwa ce ta kayar da ita.
Ina kwana, ina gida,
ta amsa biyu ta kama hanya,
Habsu mai ƙosai na tsaye da sauran bakwai a baki.
Yanzu ita ke tsare mai kanti da gaisuwa
har sai ya manta kuɗin sukari.

Yara na bin ta, anasara, anasara!
Ta ce mini a gidansu ita ce baƙar cikinsu,
sai da ta tsallaka ruwa ta yi fari.

Ran Lahadi a kasuwa mai cuku ya ce ɗari,
ta miƙa ɗari ta lissafin boko.
Da na koya mata ƙirga da dala
sai da muka cinye tiya guda ta gyaɗa.

Wata rana ta leƙo ta katanga tana roƙon toka.
Na zaci wankin tukunya za ta yi.
Ta dafa masara da ita, ta bar ta ta kwana,
Sahabi mai inji ya markaɗa yana girgiza kai.
Ta dinga buga ƙullu tsakanin tafukanta
kamar mai tafi a bikin da ba kowa,
ta gasa a kan murfin tukunyata.
Ta gutsura, ta yi shiru.
Ba ita ba ce, in ji ta.
Ta ci huɗu duk da haka,
da cuku, da barkonon da ya sa ni tari,
ita ko gezau.

In mun idar da lisha, uwarta na cin abincin rana.
A duk gidan wuri ɗaya waya ke kamawa,
gindin bedi, kusa da randa.
Nan nake tsayawa ni ma:
Alƙasum ɗana, damina tara yana Abijan.
Ba na jin harshenta, amma na san wurin
da take cewa komi lafiya,
muryar kan ɗaga kaɗan,
daidai yadda tasa ke ɗagawa.

Bayan girbi ta kunna kyandir gaban hoton mahaifinta,
ta rasa furen garinsu, ta jera ɓawon lemu.
Ba haka muke yi ba.
Ban ce uffan ba,
na soya waina, na raba wa yara da sunansa.

Jiya wuta ta ɗauke, zafi ya kore mu waje,
tabarmarta kusa da tawa.
Ta ce, yaya ake kiran abin nan
da ke zama a nan? Ta dafa maƙogwaro.
Na ce kewa.
Ta haska littafinta da waya,
ta rubuta a ƙarƙashin kanwa da kabewa,
ta tambaya ko da wasali biyu ne.

Na daɗe ban yi barci ba.
Ina ta tunanin wata katanga a Abijan,
ko akwai tsohuwa a bayanta
da ke da toka,
ko kuwa kunya ta hana yaron nan leƙawa.