Daren Lahadi a Agege

Na janye buhun shinkafa daga lungun nan,
na share ɓawon gyaɗa da kan 'yar tsana,
na kafa tebur mai ƙafa uku da rabi,
rabin na cike shi da murfin gwangwanin madara.
Gobe Litinin. Nan ne ofis.

Shekara shida ina riga ladan tashi,
in bi layin danfo da barci a ido,
Oshodi ta matse ni, gada ta riƙe ni,
ruwa a ƙasa yana wucewa, mu muna tsaye.
In dawo Barira ta yi barci da loma a hannu.
Ranar da Muntari ya fara tafiya ba na nan,
Iya Ronke ce ta faɗa mini ta kan katanga
tana shanya, tana dariya,
ni ma na yi dariyar, na shiga ɗaki.

Yanzu kamfani ya ce zauna gida, ga kwamfuta,
taro biyu a rana, rahoto kafin la'asar.
Kamfani bai san Muntari ba.
Bai san yaron da ya cinye rasit ɗin wuta,
ya tsoma wayar ubansa a kofin koko,
ya kuma tafa wa kansa.

Na rataye caja can sama, a ƙusar kalanda.
Na sayi fetur lita biyar na kai bayan gida,
don wutar unguwar nan baƙuwa ce marar sallama,
ana tsakiyar magana take ɗaukar takalminta.
Na gwada murya: barka da asuba, kuna ji na?
Jirgi ya taso daga Ikeja ya amsa mini,
kwanon rufi ya kaɗa,
mai burodi ta biyo baya da dogon kiranta.
To, shi ke nan.
Duk wanda zai ji ni, zai ji Agege.

Barira ta zo tana jan zanena.
Na durƙusa na ja layi da alli a kan siminti,
na ce, in Umma ta sa abin nan a kunne,
nan ce iyaka.
Ta dubi layin, ta dube ni,
ta ɗora babban yatsan ƙafa a kai
kamar mai taɓa ruwan wanka.
Ta ce, in Muntari ya faɗi fa?
Na ce, ki tsallako.
In ina jin fitsari?
Ki tsallako.
In kawai ina son ganinki?
Allin ya karye a hannuna.

Babansu ya dawo daga mayankar Oko-Oba,
ya girgiza teburin, ya ce zai yi.
Shi zai kai Barira makaranta,
ƙanwarsa Lubabatu za ta riƙe yaro
daga sha ɗaya zuwa biyu,
in ruwan sama bai cinye hanya ba.
Sauran sa'o'in kuwa, ni da goyo da Allah.

Na dafa waken kwana biyu.
Na goge mayafi ruwan toka,
tunda daga kafaɗa zuwa sama kaɗai za a gani.
Ƙasa kuwa zanen jiya ne da tabon kunu,
wannan tsakanina da teburina.

Sha biyun dare na fito shan ruwa.
Janaretan maƙwabta na ta gunaguni.
Na haska ƙasa, ga layina yana nan,
sai dai an bi shi da guntun alli,
an zana ƙofa a tsakiyarsa,
karkatacciya, har da mariƙi,
daidai faɗin ƙafar 'yar shekara huɗu.

Ban goge ba.
Na ɗauki wayata, ƙararrawar ƙarfe huɗu
na mayar da ita biyar da rabi,
ko da yake na san Muntari
ba ya duba agogo.