Wake Uku-Uku

A ajin 'yan firamare, can saman tudun Valparaíso,
manya sun takure a kujerun yara,
gwiwa na gaisawa da haɓa.
Sufeto Ormazábal ya manna taswira a allo,
jajayen ɗigo sun feso wa unguwarmu kamar ƙyanda.
Ya ce, "Nan ake sayar da ƙwaya. Nan aka fasa mota."

Doña Eduvigis mai gasa burodi ko kallon allon ba ta yi ba.
Ta jera kwalabe biyar a tebur,
ta bi mu tana zuba wa kowa wake uku a tafin hannu:
"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Kowa ya jefa inda ke masa ciwo."

Kwalbar ƙwaya ta sami tara.
Ta mota, huɗu. Wa ke da mota a tudun nan?
Amma ta matakalar nan mai hawa ɗari da sha bakwai,
wadda fitilarta ta mutu tun bara,
inda mata masu gyaran kifi ke hawa ƙarfe sha ɗayan dare
da makulli soke tsakanin yatsu,
ta cika har wake na tsalle ƙasa.
Nawa ukun can suka tafi.

Sufeto ya ciro biro, ya mayar.
Ya ce fitila aikin hukumar gari ce.
Baldomero, tsohon masunci, ya yi dariya da dasashi:
"Duhun fa, aikin wa?"

Sai Isaías ya taso daga bakin ƙofa,
shi da aka jingina da bango sau uku a watan jiya,
aka zazzage jakarsa,
aka sami littafin lissafi da rabin lemo.
Ya wuce kwalaben duka.
Hular sufeto na kife a tebur. Ya juya ta,
ya saka nasa: ɗaya, biyu, uku.
"Wannan na sunana ne. Ku koye shi."

Ba wanda ya tafa.
Can ƙasa jirgin ruwa ya yi kuka, karnuka suka amsa.

Ban ce gari ya waye ba.
Fitilar ta ƙara wata biyu a mace.
Amma daren Talata, a hawa na sittin,
na tarar da 'yan sanda biyu suna haki, tocila a hannu.
Yaron ya zo wucewa. Ɗayansu ya sauke hasken ƙasa,
ya ce, "Isaías, ko?"

Bai amsa ba.
Ya dai rage sauri.