Arba'in da Biyar

A Marwa, bayan kasuwar albasa,
inda warin ke bin mutum har cikin aljihu,
na zauna da kwamfuta mai tsagaggen gilashi
ina koya mata aika wa manoma saƙo.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba:
sunan mutum, sai "buhunanka", sai adadi,
a zura su zare ɗaya kamar tsakiya.

Suna ya shiga. Kalma ta bi bayansa.
Da aka zo kan arba'in, sai na'ura ta cije,
ta watso jan rubutu
kamar jandarma a shingen hanyar Mora:
wannan ba 'yar gidan nan ba ce,
lamba ce, ina takardarta?

Na ce, ai kowa na ganin arba'in.
Ta ce, ke gani kike yi, ni awo nake yi.
Wannan ana raba ta, ana ninka ta,
kalma kuwa ba ta san komai ba
sai zama kusa da 'yar'uwarta.

To, na ɗinka wa arba'in rigar haruffa.
Ta tuɓe nauyinta a bakin ƙofa kamar takalmi,
ta shiga jimla, ta naɗe ƙafa.

Daɗi ya ɗebe ni.
Na bi kowace lamba na zura mata riga
tun ba a yi lissafi ba.
Arba'in na safe, biyar na yamma,
maimakon su narke su zama ɗaya
sai suka jeru kafaɗa da kafaɗa:
huɗu, sifili, biyar.

La'asar sakaliya ga Bappa Siddiki kan babur,
waya a sama, dariya ta karkace masa hula.
"Ɗiyata, ɗari huɗu da biyar?
Ashe gonata haihuwa ta yi da dare?
To, a ƙirgo mini sefata kafin ta canja magana."

Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Da dare wuta ta ɗauke, batir saura kaɗan,
na matsar da layi ɗaya ƙasa:
a gama ƙidaya tukuna,
riga ta jira a ƙarshe.

Da safe na tarar ya ajiye mini albasa a tebur.
Ban tambayi na'ura ba.
Na taɓa su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.
Biyar ne.