Ƙarƙashin Layi

Bakwai saura kwata na sauka daga bas a Burngreave,
takalmina ya ƙoshi da ruwan Sheffield,
rigar aiki na warin sabulun gidan tsofaffi.
Ukashatu na barci.
Littafinsa a buɗe kan teburin kicin,
kusa da kofin shayin da ya bari har ya yi yana.

Na ce bari in leƙa kafin in kwanta.
Shekara goma sha ɗaya na riƙe alli a Malumfashi,
hannu ba ya mantuwa don an canja masa aiki.

Ga abin da ya rubuta, da biro ma, ko ɗar babu:
x² + x³ = x⁵.
Kai, ɗan nan!

Na ɗauki fensir na bi gefen shafi:
Biyu da ukun da ka gani a kafaɗar ekis
shaidar gida ce, kamar tsagen fuska,
ba a sauke su a zuba a buhu ɗaya.
Ekis mai biyu da ekis mai uku maƙwabta ne,
katanga ɗaya, kowa da tukunyarsa,
alamar tarawa kuwa ba ta rushe katanga.
Bar su yadda ka same su. Amsar ke nan.

In ka ga 3x² + 5x²,
to, waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne.
Ƙirga kawuna, takwas, rubuta 8x²,
kada ka taɓa biyun da ke sama.
Awaki uku da awaki biyar ba sa tashi raƙumi.
Sai an ce a ninka, x² sau x³,
sannan na kafaɗa ke gamuwa su zama biyar.
Dokar wata kasuwa ka ɗauko
ka kai wata kasuwa.

Shafi na gaba ne ya zaunar da ni.
2⁻³, ya ce amsa −8,
har da jan layi biyu a ƙasa, tsabar yarda da kai.

Na cire takalmi.
Bututun ɗumama ɗaki ya yi tari, ya kama.

Ukasha, 'yar sandar da ke gaban ukun nan
ba takardar bashi ba ce,
babu mai bin ka takwas.
Cewa ta yi: sauka ƙasa.
Ja layi, ɗora ɗaya a sama,
biyu sau biyu sau biyu su koma ƙarƙashi.
Ɗaya bisa takwas.
Ƙanƙane ne, na yarda,
yanka ɗaya a burodin da aka raba wa mutum takwas,
amma yana gaban sifili.
Sa ashirin a gurbin ukun, sa ɗari,
zai rame, ya rame, har ido ya gaza,
ba zai ƙare ba.

Nan fensirin ya tsaya.

Daren jiya sau huɗu na juya Misis Hartley
don kada bayanta ya yi gyambo.
Ta kira ni da sunan wata
da ta rasu tun ba a haife ni ba,
na amsa.
Takardar digirina na cikin akwati ƙarƙashin gado
tare da atamfofin da sanyi ya hana ni ɗaurawa.
Ranar salla wata ta ce da ni a waya,
ashe Malama an koma baya.
Na yi dariya, na ce sabis ne babu kyau.

Ga amsarta yau a littafin ɗan aji tara:
wanda aka saukar ƙarƙashin layi
yana nan da ukunsa a kafaɗa,
wurin zama kawai aka sake masa.

Wannan ban rubuta masa ba.
Na rubuta: sake na huɗu zuwa na tara,
kuma ka wanke kofinka.