Goma, Ɗigo, Biyu

A ɗakin bayan asibitin nan na Bukuru,
inda fanka ke kuka kamar ana bin ta bashi,
akwai suwic mai baki ashirin da huɗu.
Kowa da shi yake aike:
ɗakin magani, ɗakin haihuwa, mai karɓar kuɗi.
Shi kuwa ba a kiransa ya amsa,
don ba shi da adireshi.

Duk ranar da ya yi zuciya
sai in taso tun daga Gangare,
in sha jira a Taminus,
in biya mota, in biya keke,
ruwan Agusta na sauka a ƙeyata,
don gyaran da bai kai tafasar shayi ba.

Yau na zo da shuɗin kebul.
Na durƙusa, na jona shi da kwamfutata,
baƙin allo ya buɗe ido ɗaya yana ƙiftawa.
Baba Dung mai gadi ya tsaya a kaina da tocila,
ko da yake akwai wuta.

Na ware masa zaure na goma, shi kaɗai,
kada hirar maigida ta cakuɗu da ta 'yan kasuwa.
Sannan na raɗa masa:
ɗari da casa'in da biyu, ɗigo,
ɗari da sittin da takwas, ɗigo,
goma, ɗigo, biyu.
Ba rago, ba goro, ba wanzami.
Na ja masa katanga, ɗari biyu da hamsin da biyar har sau uku
da sifiri a ƙarshe, ya san iyakar unguwarsu.
Na nuna masa ƙofar gari, goma ɗigo ɗaya:
in an kira ka daga nesa, ta nan za ka amsa.
Na kulle da kalmar sirri
wadda ko matata ba za ta canka ba.

Baba Dung ya ce, wace unguwa ce wannan goman?
Na ce, ba ta cikin taswira, Baba.
Ya ce, to ta huta.
A garin nan adireshi ya sha hana mutum kwana gida.

Da dare, daga kan tabarmata,
Hajjo na barci a cinyata,
na yi masa sallama sau huɗu,
sau huɗu ya amsa.
Bukuru ta zo tafin hannuna.
Na lissafa kuɗin motar da zan tara,
har na sayi buhun dankali a raina.

Da asuba Nepa ta ɗauke,
janareta ya yi tari kafin ya tashi.
Na yi sallama. Shiru.
Na sake. Shiru.
Ashe ban ce masa ya adana ba.
Duk abin da na gaya masa a kan ruwa na rubuta.

Ga ni kuma a Taminus da shuɗin kebul a jaka.

Baba Dung na bakin ƙofa, gwate na tururi a kwano,
cokali biyu a ciki.
Ya ce, an ce ba za ka ƙara zuwa ba.
Na ce, na manta abu ɗaya.
Ya matsa mini a benci.
Ya ce, ci tukuna,
na'urar ba inda za ta.