Ba Zoɓo Ba Ne

Tun hantsi muke ɓarar zoɓo a tsakar gida,
ni da Hansai da 'yarta Lanti,
yatsunmu sun rine kamar mun kwana da lalle.
Da na zaga bayan ɗaki
sai ga ɗigo a jikin fatarina,
bai fi ƙwayar dawa ba.
Na ce zoɓo ne.
Na matsa inda haske yake, na sake dubawa.
Na ce, ya Allah, Ka sa zoɓo ne.

Ba zoɓo ba ne.

Wata biyu da kwana tara ina ɓoyon ɓatan wata.
Ko Haladu ban faɗa wa ba.
Shi dai ya ga ina gudun warin daddawa,
ya sayo mini goruba a kasuwar Maigatari,
ya ajiye a bakin gado.
Bai ce komai ba, ban ce komai ba.

Na bara ma haka ya fara.
Ɗigo ran Talata,
Laraba mara ta ɗaure,
Alhamis gari ya watse kasuwa
ni ina durƙushe a kan tsumma ina cizon gefen zani.
Masu zuwa sannu suka ce,
gara da ruwa ya zube ya bar tulu.
Ba wadda ta tambayi tulun
yadda yake ji in iska ta shiga cikinsa.

La'asar ta yi, na tsaya da buta a hannu.
In yi salla ko in dakata?
Wa zan tambaya ban tona kaina ba?

Da dare na zauna ina tuhumar kaina kamar alƙali.
Ko jarkar da na ɗauko daga famfon tuƙa-tuƙa?
Ko dakan geron Juma'a?
Ko zoɓon nan da na kurɓa shekaranjiya
don bakina ya yi ɗaci?
Sau bakwai na kunna tocila a ƙarƙashin mayafi.
A na bakwai Haladu ya ce, cikin duhu,
"Tabawa, da asuba zan aro babur ɗin Ɗanjuma."
Ashe shi ma idonsa biyu.

Bai taɓa tuƙi a hankali haka ba.
Kowane rami sai ya sauke ƙafa.
Har amalanken shanu ya wuce mu,
yaron da ke kai yana dariya.
Ni hannuna ɗaya a kafaɗarsa,
ɗaya a inda ban isa in riƙe ba.

Malama Asabe ta asibitin sha-ka-tafi
ta dubi yatsuna, ta ce, "Ku ma kun fara ɓara?"
Sannan ta tambayi kala, ta tambayi yawa,
ko akwai guda-guda, ko mara na murɗa.
Ta ce, "Da yawa suna ganin haka su haife lafiya.
Wasu kuma ba haka ba. Ba zan yi miki ƙarya ba.
Amma ba jarka ba ce, ba taɓarya ba ce,
ki sauke wannan kayan daga kanki.
In ya ƙaru, ko ciwo ya zo, ko jiri,
ko tsakar dare ne kada ku jira gari ya waye."
Ta rubuta takardar hoto zuwa Gumel, ran Litinin.

Yau Asabar.
Hansai ta kwashe rabon aikina ba ta tambaye ni dalili ba.
Ina kwance ina jin zoɓo na bushewa a kan tabarma,
Lanti na korar akuya.

Kai da ke ciki, ko ke,
ban raɗa miki suna ba, ban yanka miki ko ƙyalle ba,
ba na son in yi miki baki.
Ki dai zauna.
Ɗakin ƙarami ne, na sani, an taɓa fita daga cikinsa,
amma na share shi.

Ɗazu na duba, tsumman fari ne.
Zan sake dubawa in an kira magariba.